Bindiga a Ɗaka: Wa Ya Ci Bashin Wa?

A cikin mako guda na ƙarshen watan Yunin 2022 abubuwa uku suka faru da suka shafi bindiga. Ranar 23 ga wata, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa ɗan ƙasa yana da haƙƙin fita da ƙaramar bindiga a jikinsa domin kare kai, ta kuma soke wata tsohuwar dokar jihar New York da ta wajabta wa mutum kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba shi lasisi. Bayan kwana biyu, shugaban ƙasar na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu a kan dokar da ta tsananta bincike a kan matasa 'yan ƙasa da shekara 21 masu son sayen bindiga. A daidai waɗannan ranaku ne kuma gwamnatin jihar Zamfara, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta fito ta ce wa jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga, su tsare kansu daga ɓarayin daji.

Tsakanin Amurka da Zamfara akwai nisa mai yawa, a ƙasa da kuma a yanayin rayuwa, amma tambayar da ta taso a wuraren biyu iri ɗaya ce. Shin mutum yana da haƙƙin ajiye makamin kisa a ɗakinsa? In yana da shi, ina iyakarsa, kuma wa ke da ikon shata wannan iyaka? Ya dace mu fara duba Amurka, domin a can ne aka fi daɗewa ana wannan jayayya, a can ne kuma kowane ɓangare ya fi wasa hujjojinsa.

Tushen rigimar jumla ɗaya ce a kundin tsarin mulkinsu, wato gyara na biyu, wanda aka amince da shi a 1791. Jumlar ta fara da maganar buƙatar rundunar jama'ar gari mai tsari domin tsaron ƙasa, sannan ta ce kada a tauye haƙƙin mutane na mallaka da riƙon makami. Shekaru masu yawa ana musu a kan abin da ake nufi: haƙƙin runduna ne, ko haƙƙin kowane mutum a kan kansa? Sai a 2008, a shari'ar da ake kira ta Heller, Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin mutum ne shi kaɗai, ko da ba ya cikin wata runduna. Amma ko a wannan hukunci alƙalan sun faɗa ƙarara cewa haƙƙin yana da iyaka, hukuma na iya hana masu manyan laifuffuka riƙe bindiga, tana iya hana shiga da ita makarantu da ofisoshin gwamnati. A yau bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka sun fi mutanen ƙasar yawa. Wani ƙiyasi da cibiyar Small Arms Survey ta yi na shekarar 2017 ya kai su kusan miliyan 393, wato kamar bindiga 120 ga kowane mutum 100.

Adalci shi ne a saurari masu kare haƙƙin mallakar bindiga a inda hujjarsu ta fi ƙarfi. Suna cewa ran mutum nasa ne kafin a kafa kowace gwamnati, don haka kare shi ba alfarma ba ce da hukuma za ta bayar in ta ga dama. Suna cewa mugu ba ya neman lasisi, saboda haka duk dokar da aka yi, mai bin doka kaɗai take ɗaure wa hannu. Suna kuma cewa bindiga tana daidaita mai ƙarfi da marar ƙarfi, domin tsohuwa da ke zaune ita kaɗai ba za ta iya kokawa da ƙato ba, amma tana iya danna kunama.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce jami'an tsaro ba sa isowa a kan kari, wani lokaci ma ba sa isowa gaba ɗaya. A 1999, a garin Castle Rock na jihar Kolorado, wata mata da ke riƙe da takardar kotu da ta hana mijinta kusantar ta da 'ya'yanta ta yi ta kiran 'yan sanda bayan ya kwashe yaran, ba su ɗauki mataki ba, har ya kashe 'ya'yan mata uku. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 2005, kotun ta ce tsarin mulki bai ba ta haƙƙin tilasta wa 'yan sanda aiwatar da wannan takarda ba. Mai son bindiga zai tambaye ka: hukumar da ba ta ɗauki alkawarin zuwa ba idan na kira ta, da wane baki za ta hana ni tanadin abin da zan kare kaina?

Tarihin baƙar fata a ƙasar ma yana ba su hujja. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da gungun fararen fata ke rataye baƙaƙe a Kudancin Amurka hukuma na kallo, 'yar jarida Ida B. Wells ta shawarci baƙaƙen da kowane gida ya ajiye bindiga, tunda doka ta ƙi ba su kariya. A 1967 kuma, bayan da 'yan ƙungiyar Black Panther suka fara sintiri da bindigogi suna sa ido a kan 'yan sanda, jihar Kalifoniya ta yi dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a, kuma Ronald Reagan ne ya sa mata hannu yana gwamna. Darasin da ke ciki shi ne dokar hana makami ba ta sauka a kan kowa daidai wa daida. Sau da yawa a kan mai rauni take fara sauka.

Yanzu sai mu juya ga ɗaya ɓangaren. A 2021, bisa ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, mutum 48,830 ne harsashi ya yi ajalinsu a ƙasar. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne fiye da rabinsu, sama da mutum 26,000, su ne suka harbe kansu da kansu. Ba ɗan fashi ne ya hauro musu katanga ba. Bindigar da aka sayo domin baƙon dare ita ce ta juya kan maigida, ko kan ɗansa, a ranar da duniya ta yi masa ƙunci.

A nan ne bindiga ta bambanta da sauran makamai. Gaskiya ne ana kisa da wuƙa da adda da gora, amma waɗannan suna buƙatar ka matso kusa, ka sa ƙarfi, ka ga idon wanda kake sara, kuma a wannan ɗan tsakanin wani na iya riƙe ka, ko zuciyarka ta sauka. Bahaushe ya san fushi ba ya daɗewa, shi ya sa ake cewa a kai zuciya nesa. Bindiga ba ta ba zuciya damar zuwa nesa. Tsakanin ɓacin rai da da-na-sani, motsin ɗan yatsa ɗaya ne kawai. Rigimar miji da mata, ko cacar baki a kan wurin ajiye mota, wadda da za ta ƙare da zage-zage ko fashewar leɓe, sai ta ƙare da gawa. Masu cewa bindiga ba ta kisa, mutum ne ke kisa, sun faɗi rabin gaskiya. Ɗaya rabin shi ne mutum ba ya zama cikin hali ɗaya kullum. Mutumin kirki na safiya yana iya zama mai fushi da yamma, ko mai maye, ko wanda ya yanke ƙauna, ita kuwa bindigar tana nan a inda ya ajiye ta.

Sannan ga kisan gilla a makarantu. A Disamban 2012, a makarantar firamare ta Sandy Hook, wani saurayi ya kashe yara 20 da manya 6. A Mayun 2022, a garin Uvalde na jihar Teksas, wani ɗan shekara 18 ya kashe yara 19 da malamai 2, da bindigar da ya saya bisa doka jim kaɗan bayan ya cika shekarun. Jami'an tsaro kusan 400 suka taru a wurin, amma sai da aka shafe fiye da awa ɗaya kafin su kutsa ajin. Kowane ɓangare ya karanta abin da ya faru a Uvalde yadda ya dace da ra'ayinsa. Masu son bindiga suka ce kun gani, hukuma ba abin dogaro ba ce. Masu son taƙaitawa suka ce kun gani, ɗaruruwan mutanen kirki ɗauke da makamai sun kasa tsayar da yaro ɗaya, alhali da ba a sayar masa da bindigar ba tun farko da ba a kai ga haka ba.

Wasu ƙasashe sun ɗauki wata hanya dabam. Bayan da wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a garin Dunblane a 1996, Birtaniya ta haramta wa farar hula mallakar kusan dukkan ƙananan bindigogi. A shekarar dai, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur, gwamnatin Ostireliya ta John Howard ta tsaurara doka, ta kuma sayi bindigogi sama da 600,000 daga hannun jama'a ta lalata. Sai dai kafin a yi saurin cewa yawan bindiga shi kaɗai ne ciwon, a tuna da Suwizalan, inda bindigogi ke da yawa a gidaje amma kisan kai ƙalilan ne. A can akwai horo, akwai rajista, izinin yawo da makami a titi yana da wuyar samu, mutane kuma sun amince da hukumarsu da junansu. Wato yawan makami yana da tasiri, tsarin da aka kewaye shi da shi ma yana da nasa.

To ina gaskiyar take? A ganina kowane ɓangare yana kallon bashi ɗaya ne ya manta da ɗayan, alhali basussukan biyu ne.

Bashi na farko yana wuyan hukuma. Masanin falsafar Ingila Thomas Hobbes, wanda ya rayu a zamanin yaƙin basasar ƙasarsa a ƙarni na 17, ya yi bayanin cewa idan kowa shi ne alƙalin kansa kuma sojan kansa, to kowa zai zauna cikin tsoron kowa, babu mai noma da natsuwa, babu mai barci da ido biyu rufe. Mafita ita ce mutane su miƙa takubbansu ga shugaba ɗaya. Amma shi kansa Hobbes, duk da goyon bayansa ga hukuma mai ƙarfi, ya yarda cewa biyayyar talaka tana rataye ne a kan kariyar da ake ba shi. Duk gwamnatin da ta ce wa mutum ajiye makaminka, ta ci bashin tsaron ransa ke nan. Ranar da ta kasa biya, dokarta ta koma ɗaure akuya a gaban kura.

Bashi na biyu yana wuyan mai bindiga. Mallakar bindiga ba kamar mallakar riga ko gona ba ce, domin tana sauya rayuwar wanda bai saya ba. Idan na ajiye bindiga, matata da 'ya'yana da maƙwabcina duk sun shiga cikin haɗarin fushina da kuskurena da sakacina, ba tare da an shawarce su ba. Idan ɓarawo ya sace ta, wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ne zai biya. Kuma da zarar maƙwabci ya san ina da ita, hankali zai ce masa shi ma ya nemi tasa. Abin da ya zama dabara ga mutum ɗaya, idan kowa ya yi shi, sai ya zama masifa ga gari, domin ɓarawon da da zai zo da adda yanzu da bindiga zai zo, kuma zai fara harbi kafin ya yi tambaya. Saboda haka mai cewa haƙƙina ne bai gama magana ba sai ya faɗi yadda zai biya waɗanda haƙƙin nasa ya jefa cikin haɗari. Hanyar biyan ita ce ya yarda a bincike shi, a horar da shi, a rubuta sunansa, a kuma karɓe makamin idan ya nuna bai cancanta ba.

Addinin Musulunci ya riƙe waɗannan ɓangarori biyu tare. Ya inganta a hadisi cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada, don haka babu mai cewa kare kai laifi ne. Ya kuma inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa, ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo. An tabbatar wa mutum haƙƙinsa, an kuma ɗora masa nauyin waɗanda ke kewaye da shi, tun zamanin da makamin bai wuce kibiya da takobi ba.

Da wannan ma'auni za mu iya komawa Zamfara. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, mai tsauri ce a takarda. Manyan bindigogi sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta da makamantansu sai da izinin 'yan sanda. Shi ya sa da gwamnatin Zamfara ta yi wancan kira, babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Kafin nan, a 2021, Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi wa mutanensa irin wannan kira. Ta fuskar doka Irabor yana da hujja. Amma ka je ka karanta wa manomin da aka sa wa ƙauyensa haraji kafin ya girbe gonarsa wannan doka, ko uban da aka kwashe ɗansa a makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020, ko uwar da aka sace 'yarta a Jangebe a Fabrairun 2021. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke kwana a unguwar da sojoji ke gadi ba shi da bakin yi wa irin wannan manomi wa'azin ajiye harba-ka-rugarsa. Bashi na farko ba a biya shi ba, kuma gwamnan da ya ce wa talaka sayi bindiga yana shaida ne da bakinsa cewa hukuma ta gaza.

Duk da haka, Zamfarar ce kuma ta nuna mana bashi na biyu da jini. 'Yan sa-kai sun taso ne daga buƙata ta gaskiya, lokacin da satar shanu da fashi suka addabi ƙauyuka. Amma da yake babu mai tantance su, babu kotun da suke kai wanda suka kama, babu kuma mai hukunta su in sun yi kuskure, sai aka riƙa samun rahotannin kashe Fulani a kasuwanni da hanyoyi a kan zato kawai. 'Yan'uwan waɗanda aka kashe wasu suka shiga daji, suka dawo da manyan makamai suka ƙone ƙauyuka, mutanen ƙauyukan su ma suka rama a kan rugagen da ba su ji ba su gani ba. Ana gudun gara aka faɗa gidan zago. Ba 'yan sa-kai kaɗai ne suka haifi wannan bala'i ba, akwai talauci, da rashin adalci a kotuna, da ƙwacen burtali, da makaman da suka kwararo yankin Sahel bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011. Amma makami a hannun wanda ba ya amsa tambayar kowa ya ƙara wa wutar fetur.

Akwai kuma abin da ake mantawa da shi idan tura ta kai bango: bindiga ta fi rikicin da ya kawo ta tsawon rai. Ƙarfe ne, yana shekara da shekaru yana aiki. Wadda aka raba yau domin ɓarayin daji, ita ce za a gani gobe a rumfar zaɓe, a rikicin iyakar gona, a faɗan sarauta, a hannun matashin da aka hana aure. Amurka, da duk arzikinta da kotunanta da asibitocinta, ta kai matsayin da ko da 'yan majalisa sun so, tattara bindigogi kusan miliyan 400 ya zama abu mai kamar wuya ƙwarai. Mu da ba mu da ko rabin wannan tsari, in muka cika gidaje da makamai, wa zai karɓo su?

Abin da hankali zai iya tsayawa a kai shi ne, inda hukuma ta kasa isa, jama'a suna da haƙƙin tsare kansu, kuma hana su zalunci ne. Amma tsaron ya zama na gari, a ƙarƙashin doka, kada ya zama na kowa da tasa a ƙarƙashin katifa. A san sunan kowane mai riƙe da makami, a san wanda ya tsaya masa, a horar da shi, a biya shi albashi don kada yunwa ta mai da shi abin da aka ɗauke shi ya yaƙa, a ƙirga harsashin da aka ba shi, wanda ya kama kuma ya miƙa shi ga kotu. Rundunar tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a 2023, da Askarawan Zamfara a 2024, ƙoƙari ne ta wannan fuska. Abin da zai nuna ko sun bambanta da 'yan sa-kan baya shi ne ko Bafulatanin ruga zai iya kai ƙarar askari a saurare shi, kuma ko za a hukunta askarin in an same shi da laifi. Sannan kada wannan ya zama hanyar da gwamnati za ta sauke nauyinta a kan talaka. Mataki ne na wucin gadi, kafin ta biya bashin da ke wuyanta.

Duk mai shiga wannan muhawara, a Teksas yake ko a Tsafe, akwai tambayar da ya kamata ya amsa kafin ya ɗaga murya. Mai son a hana bindiga ya faɗa mana wanda zai zo idan an buga ƙofar talaka da tsakar dare, da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya iso. Mai son a sake ta ga kowa shi ma ya faɗa mana ko ya yarda mutumin da ya fi tsana a garinsu, da wanda suke shari'ar gona da shi, da ɗan maƙwabcinsa mai shaye-shaye, duk su samu irin tasa, domin dokar da ta ba shi ita ce za ta ba su. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba shugabanni ikon sauke amanar rayukan da aka damƙa musu.